Musayar Waƙa: Jackie Chan, Ƙashin da Ya Karye da Dukiyar da Ta Taru

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota baiti. Maudu'inmu na wannan mako shi ne Jackie Chan, ɗan wasan faɗan nan na Hong Kong wanda mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa a kan dala miliyan 350 a shekarar 2015, kuma abin da nake so mu warware shi ne yadda ɗan kuku ya taka wannan matsayi da abin da ya biya kafin ya taka shi. Amsa-amonmu "ya" ne, wanda ya kauce masa sai ya sake baitinsa. Na bar sunan yadda mai shi yake rubuta shi, domin idan muka Hausantar da shi zai koma "jaki can", alhali mutumin bai yi mana laifin komai ba.

Da sunan Allah zan fara, Mai iko da kowa,
Shi ke ba wanda ya so, Shi ke hana dukiya.

A 1954 aka haife shi, cikin watan Afrilu,
A Hong Kong, tun tana ƙarƙashin Birtaniya.

Uban kuku ne a gidan jakadan Faransa,
Uwar tana aikatau, da wanki da tsintsiya.

Da aiki ya kira uban zuwa birnin Kanbera,
Ya dafa wa Amurkawa abinci a Ostareliya,

Sai aka miƙa yaron, bai wuce shekara bakwai ba,
Ga malami Yu Jim-yuen, ya ba shi tarbiyya.

Makarantar wasan dandali ce irin ta mutanen Sin,
A tashi da asuba, a kwanta bayan an sha wuya.

Tsalle da alkafura, waƙa da rawa da naushi,
Wanda duk ya kuskure, jikinsa ne zai biya.

Shekara goma cur ya yi a hannun malamin nan,
Ya fito karatu kaɗan, amma jiki ya iya.

To ga fage na share, wa zai ɗora a kai,
Ya faɗa mana yadda ɗan kuku ya cika duniya?

Baba Tsohon Ɗan Kallo:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ni na ga finafinan nan a sinima a Kano tun muna samari, lokacin da kowane fim ɗin faɗa sunansa "Canis" a bakinmu, kuma muna fitowa sai ka ga yara suna gwada tsayuwar maciji a bakin titi har wani ya faɗa kwata. Zan ɗauka daga inda ka ajiye, wato shekarun da yake cikin fim amma babu wanda ya san fuskarsa.

Da ya bar hannun malam, sai ya zam ɗan karɓar duka,
Jarumi ya sha tafi, shi kuwa ya sha wuya.

A Fist of Fury na 1972 Bruce Lee ya harbo shi da ƙafa,
Ya faɗo a madadin mugu, ya karkaɗe jiki ya tsaya.

A Enter the Dragon kuma, shekarar da ta biyo,
Bruce ya cafki gashinsa, a fim ya karya masa wuya.

Bruce ya rasu a 1973, yana da shekara 32,
Kasuwar fim ɗin faɗa ta fara ja da baya.

Aiki ya yi ƙaranci, ɗan kuku ya bi iyayensa Kanbera,
Ya zam lebura a wajen gini, yana dakon kaya.

Wani magini mai suna Jack ya ja shi a jiki,
Daga nan sunan Jackie ya samo asali, ku jiya.

Saƙon mai shirya fim Willie Chan ya iske shi, ya komo gida,
Darakta Lo Wei na neman wanda zai gaji Bruce gaba ɗaya.

Aka sa shi ya ɗaure fuska irin ta marigayin,
Kayan aro bai rufe katara ba, aka ji kunya.

Sai 1978 da aka ba da aronsa ga wani kamfani,
Darakta Yuen Woo-ping ya sakar masa mara, faɗa ya haɗu da dariya.

Snake in the Eagle's Shadow, sai Drunken Master,
Mai salon faɗan tangaɗi irin na mashayin giya.

Bruce in ya kai naushi, sai ya tsaya ƙyam kamar dutse,
Wannan ya yarfe hannu don zafi, mu ce: gaskiya!

Hajiya Gimbiyar Baiti:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kun tsaya daidai inda kuɗi suka fara shigowa, ni kuwa zan kawo rasit ɗinsu, domin a ganina babu sisin kwabo a cikin dukiyar nan da ba ƙashinsa ne ya sa hannu a kai ba.

A Project A na 1983 ya rataya a hannun agogo,
A ƙolin hasumiya, babu raga, babu igiya.

Ya saki, ya keta rumfunan yadi ya wuce ƙasa,
Ya sauka a kan wuyansa, Allah ya yi da sauran tafiya.

Bai gamsu ba, ya sake hawa ya sake faɗowa,
Don hoton ya yi kyau a idon wanda ya biya.

A Police Story na 1985, cikin kanti mai benaye,
Ya daka tsalle ya rungumi dogon ƙarfe a tsakiya.

Ƙwayayen fitilu sun yi wa ƙarfen ado sama da ƙasa,
Ya sulalo suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Tafukan hannunsa suka ƙone, fata ta saluɓe,
Ƙugu ya goce, ga kuma ciwo a ƙashin baya.

Mafi muni ya zo wajen Armour of God na 1986,
Suna ɗauka a ƙasar da ake kira Yugoslabiya.

Tsalle ne ƙarami, daga katanga zuwa reshe,
Reshen ya karye, ya rikito daga kan bishiya.

Kansa ya daki dutse, ƙoƙon kai ya tsage,
Jini na zuba ta kunne, tiyatar gaggawa aka shirya.

Har yau akwai toshiyar roba a ƙoƙon kansa,
Kunnen nan kuma bai koma ji ba kamar jiya.

A Rumble in the Bronx idon sawunsa ya karye,
Aka zana takalmi a kan safa, aka rufe ɗaurin karaya.

Masu inshora in sun hango shi sai su rufe ƙofa,
In yaransa sun ji ciwo, aljihunsa ne ke biya.

Shi ya sa in fim ya ƙare ba ma saurin tashi,
A ƙarshe yake nuna mana faɗuwarsa ta gaskiya.

Sarkin Gardama:

Yaya Hajiya, a gafarce ni, ban yarda da lissafinki duka ba. Raunukan da kika lissafa gaskiya ne, amma ba su ne suka tara dukiyar ba, domin a Hong Kong ta wancan zamani an yi 'yan faɗuwa da yawa waɗanda suka karye kamar yadda ya karye, suka tsufa babu wanda ya san ko sunansu.

Da karaya ce ke sa arziki, Yaya, ki duba,
Da ƙofar mai ɗori ta cika da masu dukiya.

A Police Story ɗin nan, da bas ta taka birki,
Mutanensa suka faɗo ta taga kan kwalta, ba kariya.

Wa ya san sunansu a cikinmu, tsakani da Allah?
Ƙashinsu ma ƙashi ne, me suka samu na ajiya?

Sirrin shi ne ya koma kamfanin fim na Golden Harvest da wuri,
Ya zam shi ke ba da umarni, shi ya tsara, shi ya shirya.

Amurka ta ƙi shi a 1980, The Big Brawl ya faɗi,
The Protector ma bai yi ba a 1985, ya juya baya.

Sai 1998 da Rush Hour, shi da Chris Tucker,
Ya haura dala miliyan 240 a kasuwar duniya.

Na biyunsa a 2001 ya wuce miliyan 340,
Daga nan farashinsa ya zama sai mai iya biya.

Da kasuwar Sin ta buɗe, ya juya can da sauri,
Ya zuba jari a gidajen sinima, yana tallan kaya.

Forbes ta ce a 2016 ya sami dala miliyan 61,
Na biyu a 'yan wasa maza, Dwayne Johnson ne na ɗaya.

Lokacin ya haura sittin, tsallen duk ya ragu,
Kuɗin kuwa suka ƙaru, to ina batun karaya?

Kuma kada mu wanke shi tas, shi ma bai wanke kansa ba,
A littafin tarihinsa ya faɗi caca da shan giya.

Ya ce ya yi tuƙi a buge, ya fasa mota da safe,
Da dare ya fasa wata, sabon kuɗi ya rufe zuciya.

Hajiya Gimbiyar Baiti:

Ƙanena, ka zo da hujja mai nauyi, kuma ba zan yi maka musu a kan alƙaluman da ka kawo ba, sai dai ka fara ƙirga daga tsakiyar labari.

Na karɓi rabin zancenka, rabi kuma na mayar maka,
Wa zai ba ka talla in ba a san ka ba a duniya?

Sunan da ya sayar da tsada a shekarar 2016,
A 1985 ya saye shi, da fatar hannu ya biya.

Manomi na cin hatsinsa da rani a gindin inuwa,
Wa zai ce bai yi noma ba don ya rataye fartanya?

Batun yaransa kuwa, a nan ka ɗaure ni,
Ko ya ɗauki jinyarsu, sunan nasa ne shi ɗaya.

Ɗan Autan Mawaƙa:

Iyayena da yayyena, ina neman izini in sa baki, ko da yake ni ne ƙarami a nan. Kun yi ta jayayya a kan inda dukiyar ta fito, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda za ta tafi, domin mai ita ya riga ya faɗi ra'ayinsa a bainar jama'a.

A 1988 ya kafa gidauniyar taimako da sunansa,
UNICEF ta naɗa shi jakada a 2004, don yaran duniya.

Ya gina makarantu a ƙauyukan Sin masu nisa,
Wannan ba mai musu a kai, an kuma yaba niyya.

Amma ya ce ɗansa Jaycee ba zai ci gadonsa ba,
Sadaka za a yi da ita ranar da ya bar duniya.

Hujjarsa ita ce, in yaron na da ƙwazo zai nemi nasa,
In kuwa ba shi da shi, ɓarna zai yi da dukiya.

Ni ɗa ne, don haka ta ɗa nake dubawa,
Uba na wajen ɗaukar fim, uwa ce ta goya ta raya.

A 2014 aka kama Jaycee a Beijing kan tabar wiwi,
Wata shida ya yi a ɗaure, uban ya ce ya ji kunya.

Alhali shi ne jakadan yaƙi da ƙwaya a ƙasar,
Ya fito ya ba jama'a haƙuri, ya ɗau laifin tarbiyya.

Yaron da bai sami zama da uba ba yana ƙarami,
A hana shi gado kuma, Malam, ni kam ina tausaya.

Malam Mai Tawada:

Auta, ɗana, ka taɓo wuri mai ciwo. A shari'armu wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma uba ba ya cire ɗansa daga gado don ransa ya so, amma mutumin nan ba Musulmi ba ne, dokar da ke kansa dabam ce, don haka ba zan auna shi da mudunmu ba. Abin da zan tuna maka yana cikin baitocin da na buɗe da su.

Ka tuna shi ma an bar shi bai wuce bakwai ba,
Iyaye suka tafi Kanbera, ya zauna shi ɗaya.

Bai ga gado ba, bai ga uba a gida da dare ba,
Sandar malami ita ce ta nuna masa hanya.

Abin da aka yi masa shi yake ganin magani,
Ya manta ba kowane ɗa ke tashi daga faɗuwa ya tsaya.

Jaycee ya tashi cikin daula, ba a tabarmar makaranta ba,
A ce ya fara daga sifiri, an makara da shirya.

Sai dai zance ne har yanzu, mai dukiyar na da rai,
Ba mu ga takarda ba, bakinsa kawai muka jiya.

Baba Tsohon Ɗan Kallo:

Malam, kafin a naɗe tabarma, an bar abu ɗaya a baya, wato lambar Oscar ta girmamawa da aka ba shi a watan Nuwamba na 2016, wadda kuɗinsa duka ba su saya masa ba sai da aka ga dama aka kira shi.

Shekara 56 yana fim, sama da 200 ya lissafa,
Kafin su miƙa masa ɗan mutum-mutumin zinariya.

Ya ce a gidan Stallone, jarumin fim na Amurka, ya fara ganin irinta,
Shekara 23 kafin nan, ta zauna masa a zuciya.

Jikana ya san shi ne a Karate Kid na 2010,
Dattijo mai gyare-gyaren gida, mai ɗingishi a tafiya.

Na ce masa wannan tsoho ya taɓa faɗowa daga agogo,
Ya dube ni ya yi murmushi, wai Kaka na yin ƙarya.

Yau da dare in an kawo wuta zan zaunar da shi,
In sa masa Project A, ya ga rumfa, ya ga hasumiya.