Shekara biyu ke nan ba na cin Jibin Ubangiji saboda yayana

Auta:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Babanmu ya rasu ya bar mana gonar citta a ƙauyenmu kusa da Kachia. Mu biyar ne, ni ce auta. Babban yayanmu ya sayar da rabin gonar bai shawarci kowa ba, wai bashin jinyar Baba ya biya, amma ko takarda ɗaya bai nuna mana ba. Ranar da aka zauna a gidan kawunmu zuciya ta ɗebe ni, na kira shi ɓarawo a gaban matarsa da 'ya'yansa. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Ran Jibi, wato ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a coci don tunawa da mutuwar Yesu, idan dattawa suka iso bencinmu da faranti, sai in sunkuyar da kai in miƙa wa ta kusa da ni. Ina cikin Zumuntar Mata, ina waƙa, amma idan ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin gafarta wa masu yi mana laifi, sai bakina ya mutu. Shin Allah yana karɓata a haka? Kuma ni da aka cuta, ni ce zan fara zuwa?

Baba Dattijo:
'Yata, sannu. Mu fara da Allah. Romawa 5:10 ta nuna tun muna maƙiyansa aka sulhunta mu da shi ta wurin mutuwar Ɗansa. Ashe shi da aka yi wa laifi, shi ne ya fara tasowa. Wannan sulhun ba ke kika ƙulla shi ba, rikicin gona kuma ba zai warware shi ba.

Amma ki sake karanta Matiyu 5:23-24 a natse, inda aka ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Yesu bai yi maganar abin da kike riƙe da ɗan'uwanki ba, ya yi maganar abin da shi yake riƙe da ke. Namiji a kira shi ɓarawo 'ya'yansa na ji, wannan miki ne. Gona laifinsa ce, kalmar nan taki ce. Ki je ki ɗauke taki. Auna kai da Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 11:28 domin a gyara a ci ne, ba domin a yi shekara biyu ana gudun tebur ba.

Maman Tagwaye:
Baba, na yarda da kai, sai dai ina tsoron abu ɗaya. Mu mata kullum "yi haƙuri" ake ce mana har haƙƙinmu ya bi ruwa. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba a gaban Yesu ai bai tsaya a baki ba, ya ce wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ƙanwata, ki nemi gafarar zagin, amma kada a ce miki yafewa na nufin kada a yi lissafin kuɗin gona. Matiyu 18 ta ba ki hanya: ke da shi tukuna, in bai ji ba ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya.

Ɗan Michika:
Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Satumbar 2014 Boko Haram suka shiga Michika, muka gudu Yola da kayan jikinmu kawai. Da muka dawo na tarar an kwashe gidana, kuma da idona na ga ƙofar ɗakina, mai shuɗin fenti da ni na shafa, a jikin gidan wani maƙwabcina da muke sujada tare. Kusan shekara ina canza hanya don kada in wuce ta nan. Ranar da na je ban ji daɗin zuwa ba ko kaɗan, ƙafata har rawa take. Na ce masa na ga ƙofar, na kuma bar masa. Bai ba ni haƙuri a ranar ba. Sai da matarsa ta haihu ya aiko a gaya mini, na je barka. Romawa 12:18 ce ta riƙe ni, inda aka ce a zauna lafiya da kowa gwargwadon abin da ke hannunka. Kada ki jira sai zuciyarki ta yi sanyi kafin ki tashi. Tawa a hanya ta huce.

Auta:
Na gode Baba, na gode Yaya, na gode ɗan'uwa. Na yi kuka da na karanta maganar 'ya'yansa, don babbar 'yarsa ni na goya ta, yanzu in ta gan ni a kasuwa sai ta kauce. Na kira kawu, ya ce zai raka ni ranar Asabar. A gaban yaran na faɗi kalmar, a gabansu zan janye ta. Maganar lissafi kuma na roƙi kawu ya sa mana wata rana dabam, da sauran 'yan'uwanmu uku. Ku sa ni a addu'a, Jibi na gaba saura mako biyu.