Famfon hannu ko silinda: wanne ya fi dacewa da cika bindigar iska?

Sabon Maharbi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na mallaki bindigar iska irin wadda ake ɗura wa iska tun kafin a fara harbi, wadda aka fi sani da PCP. Rumbun iskarta ƙarami ne, lita 0.2, kuma takardar da ta zo da ita ta ce kada a wuce bar 200 wajen cikawa (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Harbin allo nake yi a ƙarshen mako, ba na farauta da ita. Abin da ya rage mini shi ne hanyar cika ta, kuma shawarar da nake samu ta rabu gida biyu: wasu sun ce in nemi famfon hannu in huta da dogaro da kowa, wasu kuma sun ce silinda irin ta masu nutso a teku ita ce mafita. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a wannan harka su bayyana mini abin da kowanne yake buƙata, musamman dangane da lafiyar bindigar kanta, domin ba na so in lalata ta da hannuna.

Dattijon Fili:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka zaɓa, ka fara bincika ko akwai inda za a cika maka silinda da busasshiyar iska har bar 300 a kusa da kai, domin amsar wannan tambaya ita ce za ta yanke rabin hukuncin. Idan akwai, silinda nake ba ka shawara, amma ta bar 300, kada ka yarda da ta bar 232 don kawai ta fi sauƙin samu.

Ga dalili. Iska daga wurin da matsi ya fi yawa take gangarawa zuwa inda ya fi ƙaranci, saboda haka da zarar matsin silinda ya sauko ya yi daidai da bar 200 ɗin da bindigarka take so, ba za ta ƙara cika ta fal ba, ko da kuwa silindar tana maƙare da iska. Abin da zai amfane ka shi ne tazarar da ke tsakanin matsin silinda da na bindiga kawai. Ka ɗauki silinda mai lita 12. Idan ta bar 300 ce, tazarar bar 100 ce, sau lita 12 ya ba ka 1,200. Rumbunka kuwa, idan kana cika shi daga bar 100 zuwa 200, yana cin 20 a kowace cikawa. A takarda cikawa 60 ke nan, ko da yake a zahiri ba za ka kai hakan ba, saboda akwai iskar da ke salwanta a cikin tiyo duk lokacin da ka sauke iskarsa bayan cikawa, kuma iska ba ta matsuwa daidai da lissafi idan matsi ya yi nisa sama da bar 200. Silinda mai girma ɗaya amma ta bar 232 tazararta bar 32 ce kacal, wato 384, cikawa 19 ko ƙasa da haka. Ta bar 232 ta ɗan fi sauƙin ɗauka, amma zirga-zirgar zuwa wurin cikawa ta ninka uku.

Akwai silinda ta ƙarfe, akwai kuma ta zaren kabon wadda ta fi ta sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, sai dai da yawa daga cikin na kabon suna da wa'adin aiki na shekara 15, bayansa ba a yarda a cika su ba. Kowace iri ce kuma dole a kai ta gwajin matsi da ruwa, a ƙasashe da dama duk shekara 5, kuma mai cikawa na ƙwarai ba zai taɓa silindar da ranar gwajinta ta wuce ba.

Mai Famfo:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban musa lissafinsa ba, amma ina ganin ga mai rumbun lita 0.2 da ke harbi a ƙarshen mako kaɗai, famfo ya wadatar. Wahalar famfo da ake yawan ambata ta fi shafar masu manyan rumbuna da masu bindigogin bar 250 ko 300. Ba daga sifili kake farawa kullum ba; daga wajen bar 100 kake ɗorawa, kuma wannan aikin 'yan mintuna ne. Ba wa'adin gwaji, ba jiran kowa, iska kuma ba ta ƙarewa a tsakiyar harbi.

Sai dai famfo yana da ladubbansa. Da nauyin jiki ake buga shi, ba da ƙarfin damtse ba: ka miƙe hannuwanka, ka durƙusa da gwiwa, ka bar jikinka ya danna shi har ƙasa, sannan ka ɗan dakata a sama da ƙasa domin iska ta ratsa matakan da ke cikinsa, waɗanda yawanci uku ne ko huɗu. Daga bar 150 zuwa sama zai fara turjewa sosai, kuma mutum marar nauyi yana iya kasa kai shi ƙasa. Idan ka taɓa gindinsa ka ji ya ɗau zafi, ka tsaya ya huce, domin zafi ne ke cinye zoben robar da ke ciki. Ka kuma zauna numfashinka ya daidaita kafin ka ɗauki saiti, don hannun da ya gama bugun famfo rawa yake yi. Wannan aiki daɗaɗɗe ne, domin sojojin Ostiriya da suka riƙe bindigar iska ta Girardoni tun wajen 1780 da famfon hannu suke cika ta, ana buga kusan sau 1,500 kafin rumbu ya cika. Namu na yanzu sun fi wancan sauƙi ƙwarai.

Injiniya:

Malam Sabon Maharbi, tun da lafiyar bindiga ka fi damuwa da ita, batun danshi ne ya kamata ka riƙe. Iskar da famfo ke zuƙa tana ɗauke da laima, idan aka matse ta sai laimar ta zama ruwa, ruwan kuma idan ya shiga rumbun ƙarfe ya kwanta, tsatsa yake haifarwa a wurin da ido ba ya gani. Iskar da ake ɗura wa masu nutso an tace ta an busar da ita, kuma a nan ne silinda ta fi famfo ba tare da gardama ba. Idan famfo ka zaɓa, ka nemi mai matacin danshi a bakin zuƙar iska, kamar yadda kamfanin Hill na Ingila yake haɗa wa nasa, ka riƙa sauya ƙwayoyin matacin, ka kuma buɗe bawul ɗin sauke iska da sauri a ƙarshen kowace cikawa domin ya feso ruwan da ya taru a ƙasa.

Abu biyu kuma babu sassauci a kansu ko da wanne kake aiki. Kada a kusanci bindigar da iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda, domin tana iya tarwatsa ta a hannun mutum. Kada kuma a shafa man inji ko wani mai na fetur a bakin cikawa ko a cikin famfo, saboda yana kamawa da wuta a ƙarƙashin irin wannan matsi. Man silikon kaɗai aka yarda da shi.

Sabon Maharbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bincika, akwai wurin da ke cika bar 300 amma yana da nisa, saboda haka zan fara da famfo mai matacin danshi. Idan daga baya na sayi silinda, akwai abin da zan kiyaye wajen buɗe ta?

Injiniya:

A hankali ake buɗe ta, kaɗan-kaɗan, idonka a kan agogon matsin da ke jikin tiyo, domin silindar bar 300 tana iya zarce bar 200 ɗin bindigarka cikin daƙiƙu. Cikawa da gaggawa tana ɗumama iskar, idan ta huce sai ka tarar matsi ya ragu. Ka rufe silinda tukuna, ka sauke iskar tiyo, sannan ka cire shi. Ka tabbata kuma kan tiyon da za ka saya irin wanda ake murɗawa a bakin silinda ne, wato DIN, na bar 300, mai zagayen zaren murɗi 7, domin na bar 232 mai zagaye 5 gajere ne, ba zai toshe bakin silindar bar 300 ba.