Ɗumama ɓerayen gwaji bayan allurar barci: wace hanya kuka bi?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Zan yi wa ɓeraye 24 nau'in Wistar tiyata a watan Janairu, cikin tsananin hunturu, da haɗin magungunan sa barci, ketamin da zailazin, kuma kowane aiki zai ɗauki kusan minti 40. Kuɗina ba za su kai shimfiɗar da ruwan ɗumi ke zagayawa a cikinta ba. Shin in sayi shimfiɗar lantarki ta kanti, ko in dogara da gorar ruwan ɗumi?

Malami a sashen fiziyoloji: Wa alaikumus salam. Ki sayi mai ruwan, domin ita ce ke raba zafi daidai. Zafin jikin ɓera yana kusa da digiri 37, kuma da zarar maganin ya kama shi jikinsa ya daina riƙe wannan zafin, sai bugun zuciya ya ragu, hanta ta yi jinkirin sarrafa maganin, farfaɗowa ta yi nisa.

Tsohon ɗalibi: Ranki ya daɗe, ki guji ta kanti. Ni na kwantar da ɓerayena a kanta ba tare da tawul ba, ina ganin na kyauta musu. Dabbar da ke cikin barcin allura ba ta iya matsawa idan wuri ya yi zafi, saboda haka washegari na tarar da fatar cikin huɗu daga cikinsu ta yi ja ta saɓule. Da na koma amfani da gora kuma, aka ɗauke wuta, ruwan ya huce ban lura ba, na kuma shafe fatar da aka aske da sifirit mai yawa, wanda bushewarsa ta ƙara janye zafin jikinsu. Na taɓa wutsiyar ɗaya na ji ta kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Biyu ba su tashi ba, kuma aikin wata biyar ya koma farko.

Mai kula da ɗakin dabbobi: Allah Ya mayar da alheri, amma laifin ba na shimfiɗar ba ne. Na sayi tawa naira 18,000, ina shimfiɗa tawul ninki biyu, ina sa ma'aunin zafi a duburar ɓera duk minti biyar, kuma kejin farfaɗowa rabinsa kawai nake ɗorawa a kan ɗumin.

Tsohon ɗalibi: Ni 45,000 aka sayar mini, kuma ba ta da abin daidaita zafi.

Malami a sashen fiziyoloji: Malam, gogewarka abin girmamawa ce, sai dai mujallar da za ta karɓi aikinta za ta tambayi digiri nawa aka riƙe, ba shekara nawa mai kula ya yi ba.

Mai kula da ɗakin dabbobi: Dakta, wanda ke kwana da dabbobin shi ya san wadda ta yi sanyi.

Wani ɗalibi: To, tun da haka ne, a ɗinka wa kowane ɓera rigar sanyi da hular kunne mu huta.

Ɗalibar digiri na uku: Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan daga aljihun ɗalibi yake fita: ɓerayen, abincinsu, maganin, har man janareta. A sashenmu ma'aunin zafi guda ɗaya ne, kuma yana kulle a ofis tun bara.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode ƙwarai. Amma idan gorar ce, digiri nawa ruwan zai kai kafin in naɗe ta?