Kwana uku muna jiran sakamakon jinin Umma, mu ɗauke ta ko mu tsaya?

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ummanmu ce ba lafiya, dama tana da suga shekara tara ke nan. Satin da ya wuce muka yi bikin ƙanwata, ita ta tsaya kan komai tun daga kamu har kai amarya, duk da na roƙe ta ta huta. Matar Yayanmu da ya kamata ta kama mata ko cokali ba ta ɗaga ba, amma wannan zancen wata rana ne. Washegarin buɗar kai zazzaɓi ya rufe ta da rawar sanyi. Mai kemis ɗin layinmu ya auna ya ce taifot ne, ya yi mata allura kwana huɗu. Daren Litinin ta fara sambatu, ba ta gane mu, muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Sun ɗebi jini a kwalabe, sun ɗaura mata ruwa. Yau Alhamis. Jiya da yamma aka ce wai kwalbar ta nuna akwai ƙwaya, amma sai Juma'a ko Asabar za a san maganin da zai ci ƙwayar. To allurar da ake mata yanzu ta mece ce, canki-canka? Ɗayan Yayan namu da ke Ingila ya ce a can cikin awoyi ake gamawa, wai mu kai ta asibitin kuɗi a Abuja. Kaina ya kulle.

Maman Ilham: Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ku ɗauke ta tun da sauran ƙarfinta. Bara da Babanmu ya kwanta kwana biyar ina sintiri a ƙofar lab, ƙarshe aka ce takardar ta ɓata. Ko haƙuri babu wanda ya ba ni.

Ɗan Lab: 'Yar'uwa, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ki saurare ni. Wannan gwajin shuka ne. Bakteriya a cikin jini ba ta da yawa, sai an zuba jinin a kwalba mai abincinta, an ajiye a ɗumi irin na jikin mutum ta hayayyafa, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan a shafa a faranti ta kwana ta tsiro. Sai a sake shafawa a wani farantin, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magani iri-iri, a bari awa 16 zuwa 20. A auna filin da kowane magani ya share a kewayensa, a san wanda ya ci ta. Tun 1966 aka daidaita wannan hanyar. Lissafa daga yammacin Laraba, Juma'a za ki faɗa.

Yayanki rabin gaskiya ya faɗa. Ko a Ingila galibi sai kwalba ta nuna tukuna, abin da ya biyo baya suka gajarta. Akwai injin MALDI-TOF mai faɗin sunan ƙwayar cikin mintuna. Akwai BioFire, kamar awa ɗaya ya faɗi sunanta da wasu alamomin gado na bijire wa magani. Kwamitin Turai, EUCAST, kuma ya fito da hanyar shafa ruwan kwalbar kai tsaye a faranti, a karanta bayan awa 4, 6 ko 8. Ita wannan ba ta son inji mai tsada, amma sai an san sunan ƙwayar kafin a fassara, kuma sai da ma'aikacin da zai zauna ya karanta ko da tsakar dare ne.

Kada ku ɗauke ta. Duk inda kuka je daga farko za a fara, da jinin da ya ƙoshi da magani. Wace allura mai kemis ya yi mata?

Ɓoyayyiya: Ban san sunanta ba, gari ce a kwalba ana haɗa ta da ruwa. Kuma don Allah kada a ga laifin mai kemis, shekara da shekaru shi ke duba mu, har bashi yake ba mu. Da kuɗin biki ya cinye mu ina za mu kai ta?

Ɗan Lab: Seftiriyazon ce, ko tantama ba na yi. Ita ta sa kwalbar ta yi nawa, Allah ma ya taimake ku da ta nuna. Gwajin taifot na Widal ɗin da masu kemis suke kafa hujja da shi ba abin dogaro ba ne. Lissafin 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba. Irin allurar layi ɗin nan na cikin abin da ya jawo.

Baban Yara: Malam, ana maganar rai kana kawo lissafi. Ƙanwata, da matata ta yi irin wannan bayan haihuwa babu abin da ya tashe ta sai allurar meropenem. Fili na sayar. Ki sayo ki ce su sa mata yau.

Anti Nas: Kul! Mai suga, dattijuwa, ba a san halin ƙodarta ba, ita kuwa wannan allurar da ƙarfin ƙoda ake auna ta, kuma ba kowace ƙwaya take ci ba. Allurar da ake mata yanzu ba canki-canka ba ce, ana farawa da wadda aka fi zato don ba a jiran sakamako, in ya fito a gyara. Ki tambayi sakamakon rinin Gram, shi mintuna ne bayan kwalba ta nuna, zai nuna wa likita ɓangaren da ƙwayar take. Amma ban yarda da Ɗan Lab ba cewa ko ta halin ƙaƙa kada a motsa. In awon jininta na sauka, fitsari ya ragu, kuma babu ɗakin kulawa ta musamman a nan, a nemi takardar tura ta. An duba ƙafarta kuwa? Akwai gyambo? Sannan ku 'yan lab, sakamako ya fito sai ku ajiye a tire, ba za ku ɗaga waya ku kira ba.

Ɗan Lab: Anti, ku fara cika kwalba tukuna. Mililita 8 zuwa 10 na jini ake so ga babba, ku aiko da ɗan digo, fata ba a goge da kyau ba, ƙwayar fata ta tsiro, a ce lab ba su iya aiki ba.

Ɓoyayyiya: Akwai ɗan ciwo a ɗan yatsanta tun kafin biki, amma ya bushe, ni da kaina nake gasa mata, ba shi ba ne. Fitsari kuma ban lura ba, ƙanwar Umma ce ke kwana da ita. Yanzu Yaya ya turo kuɗin motar asibiti, ya ce in wani abu ya faru ni ce. Ƙaramin likitan da na gani ya ce in jira babbansu gobe da safe. Shi Gram ɗin a wajen wa zan karɓa? Na je lab ƙofar a rufe.

Maman Ilham: Kin gani ko? Gobe Juma'a, jibi kuma ba kowa.