Wata biyar ke nan kullum sai na sha maganin ciwon kai, ko akwai illa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kimanin wata biyar ke nan ina tashi da ciwon kai kusan kullum, sai in haɗiyi farasitamol biyu kafin in fita aiki, idan rana ta take ciwon ya dawo kuma in ƙara da ibufurofen. Ban je wurin likita ba, tunda maganin ba sai da takarda ake sayensa ba. Yanzu abin ya kai ga kati ɗaya yana aljihuna, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ga kuma wani zafi da cikina yake yi idan ban ci abinci ba. Ko zan iya ci gaba, ganin ban wuce adadin da aka rubuta a kwali ba?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Adadin da ke jikin kwali na 'yan kwanaki ne, ba na watanni ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganin kansa yana iya zama tushen ciwon, domin wanda ya riƙa shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a kowane wata har ya haura wata uku, jikinsa yakan saba, da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai kan ya sake sarawa. Tashi da ciwo da safe da kake yi ya yi kama da hakan. Idan aka daina, ciwon yakan tsananta na 'yan kwanaki kafin ya lafa, shi ya sa gara likita ya tsara maka yadda za ka bar shi, ya kuma auna jininka da idanunka.

Wani ɗan'uwa:
Malam, zafin cikin nan ne ya fi tsaya mini a rai. Mahaifiyata ta daɗe tana shan diklofenak saboda ciwon gwiwa, ba mu ankara ba sai da bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, tana jiri. A asibiti aka ce gyambon ciki ne yake zubar da jini, sai da aka yi mata ƙarin jini. Ibufurofen danginsu ɗaya da wannan maganin.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Gaskiyar ɗan'uwa ce. Ƙari a kan haka, ibufurofen yana ɗaga hawan jini, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ba ya shan ruwa sosai. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma hanta ce take ɗaukar nauyinsa, kuma iyakarsa ga babban mutum giram 4 ne a yini, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Inda ake faɗawa tarko shi ne magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi, sai mutum ya ninka bai sani ba. In ka ga aman jini, ko kai ya sara maka farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, kada ka jira gari ya waye.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba kwalin maganin murar da na sha makon jiya, ashe akwai farasitamol a ciki. Gobe in sha Allahu zan je asibiti, zan tafi da katunan gaba ɗaya likita ya gani.