Mai gida ya kawo ƙaramar hita, wai mu gode: in yi shiru ko in yi magana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Haya muke a Bradford, Ingila, ni da maigidana da yara biyu. Tun farkon Disamba tukunyar ɗumama gida ta mutu, babu ɗumi, babu ruwan zafi. A buta nake dafa ruwan wankan yara. Jiya mai gidan, wani dattijon Bature, ya kawo ƙaramar hitar lantarki, ya ajiye a falo, ya ce "be thankful for small mercies", ya wuce. Na kira Mama a Kano, ita ma ta ce in gode wa Allah, wasu ko rufi babu a kansu. To gatse ya yi mini? Kuma in na matsa masa, butulci na yi?

Wata Hajiya a Leeds: Wa alaikumus salam 'yata. Ba zagi ba ne. Haka tsofaffinsu ke cewa idan abu ya lalace amma an samu ɗan sauƙi, kamar mu ce da babu gara ba daɗi. Sai dai fa maganar wanda abin ya shafa ce. Ke da ke kwana cikin sanyi kina iya faɗa wa kanki. Shi da gyaran ke wuyansa, in ta fito daga bakinsa, zamewa yake yi.

Wani ɗan uwa, Manchester: Yaya, doka na bayanki. Sashe na 11 na dokar haya ta Ingila ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran ɗumama da ruwan zafi. Daina kiran waya. Rubuta masa saƙo, ki sa ranar da ta lalace, ki ce akwai ƙananan yara, ki ba shi wa'adi. In ya share, kai ƙara sashen lafiyar muhalli na kansil, wato ƙaramar hukumar garinku, suna iya zuwa su duba gidan su tilasta masa. Ƙungiyoyin taimako irin su Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Kada dai ki tsayar da kuɗin haya, nan mutane ke shiga matsala. Hitar nan kuma, lantarki ya kusa ninka gas sau huɗu a farashi, kuma ke za ki biya. Adana rasit, ki nemi ya rage miki a kuɗin haya.

Malam: Baiwar Allah, Mama ta yi gaskiya. A Sahih Muslim an ce mu dubi na ƙasa da mu don kada mu raina ni'imar Allah. Amma wannan tsakaninki ne da Ubangijinki. Mai gida kuɗi yake karɓa kowane wata, haƙƙi ne a kansa, neman sa ba butulci ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na tura masa saƙon. Ɗan uwa na Manchester, wa'adin kwana nawa ya dace in rubuta a na biyu?