Ɗana ɗan shekara 14 ya daina min magana, dan Allah a ba ni shawara

Maman yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na biyu, shi ne babba a maza, yana JSS3 shekararshi 14, tun bayan ƙaramar sallah ya canja min gaba ɗaya. Da can yana dawowa daga makaranta zai zauna kusa da ni a kicin yana ba ni labarin malamansu har sai na ce ya isa haka, yanzu kuwa sallama ma da ƙyar, ya jefar da jaka ya shige ɗaki, in na tambaye shi sai ya ce ba komai Umma. Muryarshi ta fara buɗewa, ƙuraje sun feso mishi a goshi ƙannenshi na ta tsokanarshi shi kuma ya hau dukansu. Islamiyya sai an yi rigima, ana sallame magariba kuma ya sulale gidan kallon ƙwallo sai bayan isha'i. Babanshi ya zane shi amma abin sai gaba yake yi. Wallahi abin da ke hana ni barci kar ya faɗa hannun masu shaye-shaye, don akwai su a layinmu.

Malamin sakandare, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Duk abin da kika lissafa kullum muna ganinshi a ajin JSS2 da JSS3. Balaga ce. Yara maza yawanci tana fara musu tsakanin shekara 9 zuwa 14, mata kuma 8 zuwa 13, jiki na canjawa yaro bai san me ke faruwa da shi ba kuma kunya ta hana shi tambaya. Ga jarabawar BECE ta kammala JSS3 a gabanshi. Ki samu malamin ajinsu ki ji ko ana mishi dariya a kan muryar ko ƙurajen, yara ba su da tausayi a wannan fannin. Sannan ki duba barcinshi, ɗan wannan shekarun yana buƙatar awa 8 zuwa 10, wanda ya kwanta sha biyun dare ya tashi asuba dole ya yini yana ƙunci. Dukan nan dan Allah Alhaji ya sassauta, yaron da ake duka a wannan shekarun ɓoye abu kawai yake ƙara koya.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Malam na ji bayaninka amma ni ban yarda a daina tsawatawa ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro ya kai bayan isha'i a waje ba daidai ba ne ko a ina. A sa mishi lokacin dawowa. Amma 'yata, akwai abin da ba wanda ya taɓo. An zaunar da yaron nan an koya mishi hukuncin mafarki da wankan janaba? Da yawansu abin na samunsu su tashi a ruɗe, ba su san yadda za su yi wanka ba, ga ƙanne a ɗaki ɗaya ga banɗaki a tsakar gida kowa na kallo, sai yaro ya fara gudun masallaci da Islamiyya a ce ya lalace alhali kunya ce ke cinshi. Addini ma ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai 10. In uban yana jin nauyi, aikin kawu ne ko ƙanin uba, su fita su biyu ko a kan mashin ne su yi maganar a hanya. Kuma ranar Asabar a kai shi koyon sana'a, ga masu gyaran waya nan a unguwar PZ, ga teloli a kasuwar Sabon Gari.

Nas, Shika:
Anti, batun shaye-shayen, shiru shi kaɗai ba alama ba ce. Ki lura da jan ido, magana tana jan baki, barcin rana da ya wuce ƙa'ida, kuɗi na ɓata a gida ko kwalaben magani a ƙarƙashin katifa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma har yanzu ana sayarwa a ɓoye, ga kuma tiramadol. Kar ki caje shi gaban ƙannenshi. In kuma ƙuncin ya wuce sati biyu, ya daina cin abinci ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kar ku jira, ku kawo shi asibitin koyarwa na ABU a ga likita. Ƙurajen kuma ya riƙa wanke fuska safe da dare da sabulu marar ƙarfi, ban da matsewa, ban da man bilicin ɗin nan da ake shafa musu, ƙara ɓata fata yake.

Maman yara, Tudun Wada:
Na gode sosai, Allah Ya saka da alheri. Baba maganarka ta shige ni, don kwanaki na ga yana wanke zanin gadonshi da kanshi tun da duku-duku ya shanya a bayan ɗaki. Ƙanina zai zo daga Giwa ranar Juma'a, zan sa shi ya fita da shi. Ɗakin soro kuma zan roƙi babanshi a gyara mishi. Saura maganar waya, ya dame ni duk abokanshi suna da ita, in saya mishi ƙaramar mai madanni ko in bari sai ya gama jarabawa?